Amanar Da Ke Wuyan Maigida A Daren Hunturu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda yake jujjuya dare da rana, yake kawo damina a lokacinta, ya kawo ɗari a lokacinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, hunturu ya kankama a Bici da kewayenta. Daga Badume zuwa Saye da Ɗanzabuwa an gama girbi, an kai dami gida, gonaki sun zama fili fetal, babu abin da zai tare iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas. Iska ce da ke ratso Sahara a bushe, ta kwaso ƙura daga ƙwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zo ta lulluɓe mu da hazo tun daga watan Nuwamba har zuwa wajejen Maris. Tsananinta yana faɗowa a Disamba da Janairu, lokacin da ma'aunin zafi a ƙasar Kano kan sauka zuwa digiri 13 na Salshiyas da asuba, wasu ranakun ma ya gangara ƙasa da haka. Mutumin da ke zaune inda ƙanƙara ke zuba zai raina wannan adadi. Sai dai shi an gina masa gida ne domin sanyi, mu kuwa an gina namu domin zafi, tufafinmu ma na zafi ne, yawancin 'ya'yanmu kuma a kan tabarma suke kwana.

Abin da muke son jawo hankalin 'yan uwa a kai shi ne, sanyin ƙasarmu ba kasafai yake kashe lafiyayyen babba shi kaɗai ba. Mafi yawan asarar da muke gani a wannan lokaci tana fitowa ne daga dabarun da muke yi don mu guje masa, da kuma raunanan da muke mantawa da su a cikinsa. Wannan kuwa magana ce ta amana. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya siffanta kowannenmu da makiyayi wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya kuma ambaci miji a kan iyalinsa da mace a kan gidan mijinta. A daren hunturu wannan kiwo yana taƙaituwa ne a abubuwa uku da kowane gida ya sani: wutar da aka hura, da ruwan da za a yi tsarki da shi, da mayafin da za a rufa.

Wutar da ake kwana da ita

Abu Musa Al-Ash'ari (RA) ya ba da labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka sanar da Annabi (SAW), sai ya bayyana wa sahabbai cewa wuta abokiyar gaba ce gare su, ya umarce su da su kashe ta idan za su yi barci. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, haka ma na Ibn Umar wanda ya hana a bar wuta a cikin gida lokacin kwanciya. A hadisin Jabir kuwa har dalili aka faɗa, wato ɓera kan ja lagwanin fitila ya ƙona mutanen gida. Imam Nawawi ya yi bayanin cewa hukuncin yana tafiya ne tare da dalilinsa: fitilar da aka aminta daga cutarwarta babu laifi a bar ta, wadda ake tsoron cutarwarta kuwa ta shiga cikin umarnin. Saboda haka ƙwan lantarki da fitilar caji ba su ne abin magana ba. Kaskon gawayi da ake shigarwa ɗaki, da kurfoti, da risho, da kyandir a kan akwati, da maganin sauro na kunnawa kusa da bakin katifa, su ne ainihin abin da hadisin ya hana.

Gawayi ma yana da wata cuta ta biyu, wadda ido ba ya gani. Idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashi mai barci. Idan aka shaƙe ta, takan kama sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, sai jini ya ci gaba da zagayawa alhali bai ɗauki abin da ƙwaƙwalwa da zuciya suke rayuwa da shi ba. Farkon alamarta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki. Wanda yake farke zai iya cewa mura ce ko zazzaɓi, wanda yake barci kuwa sai dai ya zarce. Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne a jira hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi jajir, sannan a ce yanzu ya yi daidai a shigar da shi ɗaki. Ƙarewar hayaƙi ba ta kawar da gubar, garwashin yana ci gaba da fitar da ita matuƙar bai mutu ba. Irin wannan gubar ce kuma ke fita daga janareton da ake ajiyewa a tsakar baranda ko a zaure don gudun ɓarawo.

Kada a ɗauka wannan cutar talaka ce kawai. A watan Fabrairun 2021 wani matsanancin sanyi ya faɗa wa Jihar Teksas ta Amurka, wutar lantarki ta ɗauke, hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka mutu, 19 daga cikinsu ta hanyar shaƙar wannan iska, domin mutane sun koma ɗumama gidaje da gawayi da janareto da injin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin itace da gawayi da kananzir ne, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020 kaɗai.

Dattawanmu sukan ce: ai mu da iyayenmu mun kwana da wuta a ɗaki shekara da shekaru, ga mu nan da ranmu. Maganarsu gaskiya ce, amma ɗakin ne ya canza. Ɗakin da suka taso a ciki na ƙasa ne, da jinka ko da azara, ƙofarsa asabari ko ƙyauren da iska ke bi ta samansa da ƙasansa. Bangon ƙasa mai kauri yana tsotse zafin rana ya riƙa sakinsa da dare, don haka wutar da ake buƙata kaɗan ce, iska kuma tana shige da fice. Ɗakin yau na bulo ne da kwano, sau da yawa babu silin. Da rana ya yi zafi, da dare ya huce nan da nan, sai mai ɗaki ya ƙara gawayi, ya ja ƙofar ƙarfe, ya toshe taga da leda, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Akwai kuma wani zunubi da kan biyo bayan wannan musiba. Idan gari ya waye aka tarar da mutanen ɗaki guda a some, ko an rasa wasu daga cikinsu, kafin a duba kaskon da ke lungu har an fara tambayar wa ya dafa tuwon dare. Sai zargi ya faɗa kan kishiya ko maƙwabciya, wani ya ce sammu ne, wani ya ce aljanu ne. Allah ya umarce mu a Suratul Hujurat, aya ta 12, da mu nisanci yawan zato domin wani sashensa laifi ne. Gida nawa ne zumuncinsa ya tsinke a kan laifin da gawayi ya aikata? Abin da ya kamata a yi a irin wannan hali shi ne a buɗe ƙofa da taga, a fito da mutanen sarari, a garzaya da su asibiti mafi kusa ko da sun farfaɗo, a kuma gaya wa ma'aikatan lafiya cewa an kwana da gawayi. Maganinsu oksijin ne. Ɗura wa wanda ya suma madara ko manja babu abin da zai ƙara masa sai haɗarin shaƙewa.

Hanyar tsira ba ta da tsada. A ji ɗumi a tsakar gida ko a rumfar da iska ke ratsawa, a sha kunu ko shayi, idan lokacin kwanciya ya yi a kashe wutar da ruwa ko a binne ta da ƙasa. Wanda yake son ɗumi a shimfiɗa ya zuba ruwan zafi a jarka ko gora mai murfi, ya naɗe da zane, ya ajiye wajen ƙafafu. Ɗakin mai jego ya fi kowane ɗaki buƙatar wannan kulawa, domin a nan aka fi hura wuta, a nan aka fi rufe ƙofa, a nan kuma mafi raunin numfashi yake kwance.

Sai gobara. A wannan lokaci komai na gidan manomi busasshe ne: karan dawa da aka jingine a bango, harawar wake da ta gyaɗa a kan rufi, zana, darni, da rumbun da ke ɗauke da abincin shekara. Gidajenmu kuma a manne suke da juna, tartsatsi ɗaya ya ishi iskar hunturu ta kai shi gida na uku. A farkon watan Fabrairun 2025 gobarar dare ta tashi a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda ta Jihar Zamfara, ta ci rayukan almajirai aƙalla 17, rahotannin farko kuma suka ambaci tarin kara da aka jibge a wurin. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A raba kara da madafa, a raba jarkar fetur da ɗakin kwana, kada a zubar da toka a juji sai an tabbata ta mutu. Kada a bar hita a cikin bokiti idan an ɗauke wuta, domin ana iya dawo da ita kowa yana barci. Idan yaro ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20 sannan a kai shi asibiti, a bar shafa ƙwai da man goge baki da gishiri.

Ajali da talauci

Hujjoji biyu ake kawo mana duk lokacin da aka yi wannan magana. Ta farko ita ce, wanda kwanansa ya ƙare ko babu gawayi zai mutu. Babu Musulmin da ke jayayya da wannan. Amma wanda ya sanar da mu ƙaddara shi ne ya umarce mu da kashe wuta, kuma bai ga saɓani tsakanin abubuwan biyu ba. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya sami labarin annoba a hanya, sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuwa ya amsa masa da cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Suratul Baƙara, aya ta 195, ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Maigidan da aka sanar da shi haɗarin kasko, ya shigar da shi ɗakin 'ya'yansa ya ja ƙofa, ba zai fake da ajali a gaban Allah ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba mu raina ta. Ana cewa gawayi shi ne bargon talaka. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, magidanci mai 'ya'ya takwas ba zai iya saya wa kowa bargo a wata guda ba. Haka ne. Sai dai mu yi lissafi da gaskiya: gawayin da ake ƙonawa kowane dare har wata uku kuɗi ne da ke zama toka da safe, bargon gwanjo kuwa ana sayensa sau ɗaya ya yi shekaru. Buhun da aka shimfiɗa ko kwalin da aka sa a ƙarƙashin tabarma yana tare sanyin daɓe, wanda shi ne ya fi shiga jikin mai kwana a ƙasa. Riga biyu marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. Inda kuwa talaucin ya kai ga babu ko wannan, to nauyin ya tashi daga kan maigida shi kaɗai ya hau kan maƙwabta da masallacin unguwa, kamar yadda za mu ambata a gaba.

Ruwan tsarki

Ɗalibai da yawa sun haddace hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim, wanda ya lissafa cika alwala a lokacin da rai ba ya so cikin abubuwan da Allah yake kankare zunubai da ɗaukaka darajoji da su. Hadisi ne ingantacce, kuma bushara ce ga duk wanda ya tsoma hannu a randa da asubar Janairu. Amma wasu sun fahimce shi a karkace, suna ganin dafa ruwa rage lada ne, har su tilasta wa yara da mata wanka da ruwan da ya kwana a waje. Ladan yana kan wahalar da ta same ka a hanyar ibada ne, ba a umarce ka da ka je ka nemo wahala ba. Nana A'isha (RA) ta shaida cewa ba a taɓa ba Annabi (SAW) zaɓi tsakanin abu biyu ba face ya ɗauki mafi sauƙi, matuƙar ba saɓo ba ne. Da ya ga wani mutum mai suna Abu Isra'ila ya yi bakancen tsayuwa a rana, sai ya sa aka umarce shi da ya zauna ya shiga inuwa. Idan tsayuwa a rana ba ibada ba ce, karkarwa da gangan ma ba ibada ba ce. An ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan yi tsarki da ruwan da aka ɗumama, kuma malaman mazhabobi ba su ga laifi a cikin haka ba.

Saboda haka samar da ruwan ɗumi ga iyali yana cikin kyautata zama. Matar da ta sami tsarki daga haila ko biƙi, ko wanka ya wajaba a kanta da dare, kada a bar ta tsakanin jinkirta sallah da kamuwa da ciwo. Filas ɗaya da aka cika bayan an sauke tuwon dare ya isa a sirka ruwan alwalar gida da asuba, ba tare da an sake hura wuta ba.

Idan ruwan ɗumi ya gagara, kuma aka ji tsoron ciwo ko ƙaruwarsa ko jinkirin warkewa, to taimama ta halatta. Babinta yana cikin Ahalari da Ishmawi da Risala, littattafan da 'ya'yanmu ke karantawa a zaure. A yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan Hijira, Amru ɗan Asi (RA) ya wayi gari da janaba a wani dare mai tsananin sanyi, ya ji tsoron halaka idan ya yi wanka, sai ya yi taimama ya ja mutane sallah. Da aka kai maganar gaban Annabi (SAW), ya kafa hujja da aya ta 29 a Suratun Nisa'i wadda ta hana kashe kai, Annabi ya yi dariya bai ce masa komai ba. Abu Dawuda ya ruwaito wannan, ya kuma ruwaito kishiyarsa: wani mai rauni a ka da abokan tafiyarsa suka ce ba su ga sauƙi gare shi ba, ya yi wanka ya mutu. Annabi (SAW) ya yi fushi ƙwarai, ya jingina musu kisansa, ya zarge su da ƙin tambaya alhali ba su sani ba. Wannan gargaɗi ne ga duk ɗalibin da yake ganin tsanantawa ita ce alamar ilimi. Sai dai a kula da ɗaya gefen: lafiyayyen da ke da itace da tukunya a gidansa, ƙyuya ce kawai ta hana shi tashi da wuri, ba shi da rabo a wannan rangwame.

Wanke gaɓa sau ɗaya ya wadatar idan ruwan ya game ta, kamar yadda Ibn Abbas ya ruwaito daga aikin Annabi (SAW), kuma Imam Malik bai ga laifin goge jiki da mayani bayan alwala ba. Abin da ba ya halatta shi ne a shafa ruwa sama-sama a bar dugadugai a bushe, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan haka, kuma cuɗawa wajibi ce a mazhabar Malikiyya. Masu kaushi da faso su shafa man kaɗanya ko basilin bayan alwala. Maiƙon da fata ta shanye ba ya hana alwala, amma wanda aka lafta har ya daskare ya hana ruwa taɓa fata sai an goge shi. Shafa a kan huffi kuwa sunna ce tabbatacciya. A wurin Malikiyya sharaɗi ne ya zama na fata, ɗinkakke, mai tsarki, ya rufe idon sawu, a kuma sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Safar yadi zalla ba a shafa a kanta a mashhurin mazhaba, ko da yake Hanbaliyya sun halatta idan mai kauri ce. A ƙasar da dukawanta suka shahara da aikin fata tun zamanin fatauci, huffi bai kamata ya gagari dattijon da sanyi ke damun ƙafafunsa ba.

Tsoho mai fuka ko mai ciwon ƙirji da ya yi sallar Asuba a ɗakinsa a ranar da iska ta tsananta, kada a yi masa gori. Ibn Umar ya taɓa kiran sallah a Dajnan, kusa da Makka, a wani dare mai sanyi, sannan ya sanar da mutane su yi sallah a masaukansu, ya ce haka Annabi (SAW) yake umartar ladani a irin wannan dare. Matashi mai lafiya kuwa ya sani cewa bargo ba uzuri ba ne.

Mayafi

Allah ya ambaci ɗumi a jerin ni'imominsa a Suratun Nahli, aya ta 5, inda ya yi maganar abin da muke samu daga dabbobi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara kuma ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa gwargwadon abin da aka sani, malaman fiƙihu suka bayyana cewa tufatarwar ta haɗa da ta lokacin zafi da ta lokacin sanyi. Ibn Rajab ya kawo a littafinsa Laɗa'iful Ma'arif cewa Sayyidina Umar yakan aika wa mutanensa da wasiyya idan sanyi ya gabato, yana kiransa maƙiyi mai saurin shiga da jinkirin fita, yana umartarsu da tanadin ulu da huffi da safa. Magidancin da ya sayar da amfanin gona a kasuwa ya ɗinka wa kansa sabuwar shadda, 'ya'yansa suna kwana da rigar makaranta, ya juya tsarin da shari'a ta shimfiɗa.

A cikin gida akwai waɗanda za a fara da su. Jariri yana rasa ɗumin jikinsa da sauri, hula da safa da jikin mahaifiyarsa su ne garkuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wa sabon haihuwa wankan farko har awa 24, wankan yau da kullum kuma a bari sai rana ta ɗaga. Yaron da ke tari, numfashinsa ya yi sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, ya wuce mura, asibiti ne wurinsa a ranar. Masu sikila sanyi da ƙarancin shan ruwa suna tayar musu da ciwo, ga shi Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan lalura, don haka a lulluɓe su, a riƙa tuna musu shan ruwa ko ba su ji ƙishi ba. Cunkoso a ɗaki rufaffe cikin ƙura shi ne kuma yanayin da sanƙarau ke yaɗuwa, kuma ba mu manta da annobar 2017 ba, wadda ta fi tsananta a Zamfara ta kashe sama da mutum 1,000 a ƙasar nan. Ƙaramar kafar iska a saman ɗaki tana rage wannan haɗari.

Sai waɗanda suke kwana a ƙofar gidajenmu. Almajirin da ya kawo mana ruwa da yamma, ya share tsakar gida, ya karɓi ragowar tuwo, ina yake kwana? Da me yake rufa? Da yawa daga cikinmu mun san sunansa amma ba mu taɓa taka ƙafa mun ga makwancinsa ba. Yaron da ya kwanta a kan siminti da yunwa sanyi biyu yake ji, shi ne kuma yake matsawa jikin wutar karatu har gefen rigarsa ya kama. Nauyin farko yana kan uban da ya turo shi. Wanda zai kai ɗansa karatu bayan kaka, ya haɗa masa da bargo da rigar sanyi kamar yadda yake haɗa masa da allo. Na biyu yana kan alaramma, kada ya karɓi yaran da suka fi ƙarfin makwancinsa, ya kuma wakilta gardi guda da zai tabbatar an kashe wuta kowane dare, an kawar da kara daga inda kolawa ke kwana, ƙofa kuma tana buɗuwa daga ciki. Na uku yana kanmu, mu mutanen unguwa.

Jarir ɗan Abdullahi (RA) ya ba da labarin wasu mutane daga ƙabilar Mudar da suka iso Madina ba takalma, ba tufafin kirki. Fuskar Annabi (SAW) ta canza saboda halin da ya gan su a ciki. Bai jira wata rana ba, ya sa Bilal ya kira sallah, ya yi huɗuba, mutane suka yi ta kawowa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskarsa ta yi haske don farin ciki. Muslim ne ya ruwaito. Shi ne kuma ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya lulluɓe Huzaifa da gefen mayafin da yake sallah da shi a daren Ahzab, bayan ya dawo daga aike yana rawar ɗari, ya bar shi ya yi barci har asuba.

Wannan aiki ne da kowane masallacin khamsus salawati zai iya yi ba tare da jiran Hukumar Zakka da Hubusi ko wata ƙungiya daga birni ba. Liman da mai unguwa da mutum biyu ko uku su zagaya bayan sallar Isha'i, su ƙirga makarantun allo da gidajen marayu da tsofaffin da ke kwana su kaɗai. A sanar ranar Juma'a cewa duk mai bargo ko rigar sanyi da ba ya amfani da ita ya kawo. A haɗa kuɗi a sayo dilar gwanjo, domin sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Mai zauren da babu kowa a ciki ya buɗe shi na wata uku. Yanzu ne rumbuna suke cike, wanda zakkar hatsi ta hau kansa ya fitar da ita ga masu ita, domin tuwon dare ma mayafi ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya kai maigida, kafin ka ja ƙofarka yau da dare ka zagaya gidanka. Ka duba madafa, ka leƙa ɗakin mai jego da na yara ka tabbata babu garwashi, ka tambayi uwargida ko an ajiye ruwan asuba, ka ƙirga kawunan da ke kwance da mayafan da ke kansu, sannan ka leƙa zaure. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mafi tsananin zafi da mafi tsananin sanyi da muke ji numfashi biyu ne da aka yi wa Jahannama izini da su. Wanda ya tuna da wannan a daren hunturu, zai nemi tsari da abin da hannunsa zai iya miƙawa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da cuta, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu fita wannan hunturu babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.